Rasuwar Fitilar Kwanar Matakala, da Wanda Ake Zargi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ido ɗaya da bai bar kan gidan maƙwabci ba, dattijo Kuwabara Genzo na ƙauyen Uwano yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda ba na arzikin ba, cewa rai ya yi halinsa. Fitilar lambunsa, ta tsakiya a cikin 'yan ukun nan masu cin hasken rana, wadda take tsaye a kwanar matakalar dutse tsakanin ƙofar gida da tafkin kifaye, ta riga mu gidan gaskiya ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a kan teburin kicin, bayan gajeruwar rashin lafiya. Mai gidan ya ce a rubuta a fili cewa bai yarda rashin lafiyar nan haka kawai ta zo ba.

Marigayiya ta zo duniya a wata masana'anta da ba a san sunanta ba, domin kwalinta ya jiƙe tun a hanya. Kazuha ce ta kawo ta, 'yar Genzo tilo da ke aiki a birni, a ƙarshen hunturun da mahaifinta ya zame a kwanar matakalar nan da asuba ya karya hannu. Ya daɗe kwance a cikin dusar ƙanƙara kafin maƙwabcinsa Nagumo Rokuro ya tsince shi. Rokuro ya ɗauke shi a baya har cikin gida, ba a musun wannan, amma sai da ya gama dariyarsa tukuna, kuma wannan ma a rubuta. Ranar da Kazuha ta kafa fitilun uku a gefen matakalar, ta kakkaɓe hannu ta dubi ubanta.

"Baba, ka saurare ni da kyau. Ranar da na zo na tarar da matakalar nan cikin duhu, ko na ji ka sake faɗuwa, ranar za ka haɗa kayanka mu tafi. Ɗaki yana nan, har na share."

Genzo ya san ɗakin. Can sama yake a saman wani dogon bene, tagarsa tana kallon bangon wani benen, kuma ko tukunyar fure za ka ajiye a baranda sai ka nemi izini. Babu wurin kifi, babu wurin fartanya, babu wanda za ka zaga da safe ya rama. Tun daga ranar, zamansa a gidan da aka haife shi ya rataya a wuyan fitila guda, ita ce ta kwana, inda dutsen yake da santsi kuma matakalar take karkata ba tare da ta yi wa kowa sallama ba.

Sai dai an haifi marigayiya da wata larura irin ta danginsu. Tana da ɗan ido a ka wanda ke gane duhu, da magariba ta yi sai ta kama da kanta. Amma a cikinta akwai wani ɗan agogo mai shisshigi da ke kashe ta bayan 'yan sa'o'i, wai don tattalin batir. Ga alama waɗanda suka ƙera ta sun ɗauka dare yana ƙarewa ne a lokacin da mutanen birni suka kashe talabijin. Sakamakon haka sai ta riƙa haskaka matakala yayin da Genzo ke sharar barci, ta kuma yi nata barcin daidai lokacin da yake fita duba ruwan kifayensa, tun gari bai waye ba. Genzo ya yi mata magana da lalama, ya yi da faɗa, ya ɗan bubbuga mata ƙeya. Ba taurin kai ba ne, yarinyar haka aka yi ta.

Don haka aka yi mata tiyata. Genzo tsohon direban bas ne, bai taɓa buɗe abin da ya fi rediyo ƙanƙanta ba, amma ya sa gilashin karatun marigayiya matarsa a kan nasa, ya zaro ƙarfen narka dalma da ya shekara da shekaru a ƙasan akwati, ya kwantar da fitilar a kan tawul mai tsabta. A jikin murfinta an rubuta kada a buɗe. Genzo ya karanta, ya fahimci da wasu ake. Ya nemo ƙafar ɗan agogon ya datse ta da abin yanke farce, ya ɗauko guntuwar waya daga tsohuwar tukunyar dafa shinkafa ya yi mata gada, ya liƙe da dalma, ya ƙona babban yatsa sau biyu ba tare da ya yi ko ƙorafi ba. A daren nan ta kama da magariba, kuma ba ta runtsa ba har rana ta taɓa mata ka. Da Kazuha ta kira ta tambaya, ce mata ya yi fitilar ta yi hankali.

Halayenta na gari ba sa ƙirguwa. Ba ta taɓa neman kananzir ba, ba ta taɓa ja masa kuɗin wuta ba. Ruwan sama ya dake ta, ƙanƙara ta binne ta har wuya, kwaɗi suka mayar da kanta wurin hira, ba a taɓa jin bakinta ba. Ba mai yawan magana ba ce. Da magariba takan ce "ƙyas," sau ɗaya, shi ne sallamarta. Idan sanyi ya tsananta, wanda ya sunkuya kusa da ita zai ji wani siririn "ziii" yana fitowa daga ƙirjinta. Genzo yakan amsa mata da "to, sannu," ya wuce. Haskenta ba mai yawa ba ne, bai wuce faɗin faranti biyu ba, amma daidai kan dutsen nan mai santsi yake sauka, kuma hunturu uku ke nan ƙafar mai gidan ba ta sake zamewa ba.

Ta rasu ta bar 'yan uwa biyu mata, ta sama da ta ƙasa, waɗanda a lokacin ba a yi wa tiyata ba kuma har makon jiya ba su san yadda asuba take ba. Ta bar kifaye masu ja a baya da fari a ciki da suka saba ganin haskenta kafin su ga abinci. Ta bar wani gizo-gizo da ya gina rayuwarsa gaba ɗaya a kan ƙwarin da take tarawa, yanzu ga shi can zaune bai san inda zai sa kansa ba. Ta kuma bar maƙiyi guda ɗaya, wanda dole a yi bayaninsa dalla-dalla, ko da kuwa ba a saba yin haka a sanarwar mutuwa ba.

Nagumo Rokuro sa'an Genzo ne, shekara ɗaya aka haife su, benci ɗaya suka zauna a makaranta, kuma tun lokacin ba su taɓa yarda da juna a kan ko da launin sama ba. Mutum ne da bai yarda da kowa ba. Tun da wata fartanyarsa ta ɓace suna samari, abin da Genzo ya ce ba shi da masaniya a kai, duk abin da ya mallaka sai ya ɗiga masa fenti ruwan ɗorawa: lauje, bokiti, tsani, takalmin wanka, har da abin wuyan kyanwarsa. Gonar shinkafarsa ta zo har gindin matakalar Genzo, kusurwarta tana daidai ƙasan inda marigayiya take tsaye. Mutanen Uwano kuwa, waɗanda suka mutu sun mutu, waɗanda suka bi 'ya'yansu birni sun bi, har ya zamana gida biyu ne kacal ke fitar da hayaƙi. Duk da haka ba a fasa taron ƙauye ba. Genzo ne shugaba, Rokuro ne sakatare, kuma a taron kakar farko bayan tiyata sakatare ya ɗaga hannu.

"Shugaba, ina da ƙorafi. Akwai wani tsohon banza a garin nan da ya hana shinkafata barci."

"Ƙorafi a rubuce ake kawo shi," in ji Genzo.

"Ni ne mai rubutun, na rubuta. Shinkafa sai ta ga duhu take yin ciki, wannan ko biri ya sani. Je ka duba kusurwar nan. Kowa ya fid da kai, ita tana nan kore shar, ganye zalla. Ciyawa kake so in ci?"

"Faɗin tabarma biyu ne fa, Rokuro."

"Tabarmar gidanku ce? Ka ci gaba. Wata rana za ka tashi ka tarar 'yar gatan taka ta yi shiru."

Shugaba ya yi watsi da ƙorafin saboda rashin shaidu. Amma yana roƙon duk mai karanta wannan sanarwa ya koma ya sake duba maganar ƙarshe ta sakatare, ya riƙe ta da kyau. Kowace kaka sai an maimaita wannan ƙorafi, kowace kaka kusurwar tana nan kore, kuma Rokuro yakan tsaya a kanta da lauje a hannu yana zage-zage har muryarsa ta dushe.

Daga nan alamu suka fara bayyana. Genzo mutum ne mai barcin rana, yakan cire na'urar ƙara ji daga kunnensa ya ajiye a kan tabarma, kuma kowa ya san haka, wato Rokuro ya sani. Sau da yawa in ya tashi ya fita, sai ya ga sawun takalmin roba a gindin marigayiya, mai faci a diddigen hagu. Yakan tsinci ƙwallon umeboshi a wurin, ɗan itacen nan mai tsami da ake jiƙawa da gishiri, an tsotse shi tas, alhali shi haƙoransa sun daina hulɗa da tsami tuntuni. Notukan da ke riƙe da murfin cikinta suka fara cinyewa a ka, ga shi kuwa shi sau ɗaya tak ya taɓa kwance su. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne yadda yake tarar da farantin kanta mai shan hasken rana a goge fes, babu ƙura, babu kashin tsuntsu. Wane ne ke goge wuri haka in ba mai ɓatar da sawun yatsunsa ba? Da hunturu ma, in ƙanƙara ta rufe komai, sai a wayi gari da 'yar siririyar hanya da aka haƙa da shebur daga ƙofar Rokuro, ba ta nufi ko'ina ba sai gindin fitilar.

Don adalci, an binciki wasu. An zargi hankaka, amma hankaka ba ya sa takalmi. An zargi biran da ke saukowa satar kabewa, sai aka ga su ba sa mayar da noti inda suka kwance shi. An ɗan zargi mai kawo wasiƙa, daga baya aka sallame shi. Genzo ya ɗaura zare a ƙetaren hanya don ya kama mai laifi, da yamma ya tarar an kwance an sake ɗaurewa da ƙulli mafi kyau fiye da nasa, abin da ya ɗauka a matsayin raini. Sau ɗaya ne ya yi ƙaryar barci ya fito a hankali, ya kuwa sami Rokuro tsugune, hannu ɗaya a aljihu.

"Me kake yi a nan?"

"Dubawa nake ko ta kusa mutuwa," in ji Rokuro, ko kunya babu.

"To, me ka gani?"

"Da sauranta, abin haushi."

Genzo ya gama haɗa lissafinsa tun a ranar. Guba ake ba ta kaɗan-kaɗan. Abin da ya ƙara masa ƙaunarta shi ne duk da wannan makirci ba ta taɓa fashin dare ɗaya ba, ko a tsakiyar hunturu da rana kan yi mako ba ta leƙo ba, lokacin da 'yan uwanta biyu ke ɗan ƙyafta ido su koma. Ya sha faɗa wa kifayensa cewa jinin yarinyar nan mai ƙarfi ne.

Ciwon ajalinta ya fara ne a farkon watan da shinkafa ke fid da kai. Genzo ya sauka gari karɓo maganin hawan jini, da ya dawo da yamma sai ya ga an rufe tagogin gidan Rokuro ruf. Motarsa ta ɗaukar kaya tana nan, kyanwar tana yawo a tsakar gida tana kuka, amma babu hayaƙi, babu tari, babu zagi. Washegari haka, wanshekare ma haka. A daidai waɗannan kwanaki, ga hadari ya rufe sama, marigayiya ta fara canzawa. Da farko ta riƙa mutuwa gab da asuba. Sai haskenta ya koma ja-ja. Sai ya zamana tana cewa "ƙyas" da magariba, kafin a gama cin abinci ta yi shiru. Genzo bai buƙaci wani ya fassara masa ba. Mutumin ya ba ta gubar ƙarshe, ya kulle gida, ya gudu.

A nan dole a faɗi gaskiya, tsoro ya kama shi ƙwarai. Bikin tarbar magabata ya kusa, lokacin da ake kunna musu wuta don su gane hanyar gida, kuma Kazuha ba ta taɓa fashin zuwa ba. Ya riƙa sauka matakalar da asuba a zaune, dutse bayan dutse, yana jan gindi, wandonsa jiƙe da raɓa, yana jin kunyar kifayensa. In ya rufe ido sai ya ga bangon benen nan da ke gaban taga.

Ranar Talata ya yanke shawara. Ya tuge ta daga ƙasa, ya naɗe ta a tawul ɗin da aka yi mata tiyata a kai, ya kai ta teburin kicin. Bai buɗe cikinta ba, don bai so ya ɓata shaida. Ta wajen kai ya bi, ya zaro wayoyi biyu daga ƙarƙashin farantin, ya jawo batirin injin huɗa ya haɗa su, da niyyar ƙara mata jini. Marigayiya ta yi wani haske da ba ta taɓa yin irinsa ba tun da aka haife ta, har inuwar butar shayi ta fito a bango. Sannan ta ce "tas." Wani ɗan hayaƙi mai warin roba ya tashi, shi ke nan. Mai gidan yana so a fahimta cewa wannan ƙoƙarin ceton rai ne, kuma ta riga ta yi nisa kafin a kawo ta.

Kazuha ta iso washegari, tun bikin bai zo ba, ba tare da ta sanar ba. Wannan kaɗai abin tuhuma ne. Amma abin da ya fi ɗaure wa Genzo kai shi ne ta gefen gidan Rokuro ta ɓullo, rungume da wani gwangwanin biskit, kuma a kan murfinsa akwai ɗigon fenti ruwan ɗorawa.

"Har da ke?" in ji shi.

Kazuha ta wuce shi. Ta dubi ramin da ke kwanar matakala, ta shiga kicin ta ga abin da ke kwance ƙarƙashin farin ƙyalle, ta ga batirin injin huɗa a gefe, ta ja dogon numfashi irin na uwarta. Sannan ta nemi abin kwance noti. A ƙasar nan ko gawa ce ba a fitar da ita dunƙule. Roba da ranarta, ƙarfe da ranarsa, gilas da ranarsa, batir kuwa jakarsa daban, in ka haɗa su masu kwasar shara su manna maka takardar kunya su bar maka kayanka a bakin hanya. Don haka aka yi wa marigayiya wankan ƙarshe aka buɗe cikinta. Batirin da ke ciki ba wanda ta zo da shi ba ne, kuma a gindinsa akwai ɗigon fenti ruwan ɗorawa.

Genzo ya miƙe tsaye. "Ga shi nan. Ga gubar. Har sa hannu ya yi, marar kunya."

Kazuha ta buɗe gwangwanin ta tura gabansa. Batura ne jere, kowanne da ɗigonsa, ga cajar da ake sawa a bango, ita ma da nata ɗigon.

"Baba, zauna. Tun ranar da ka yanke mata agogon nan take shanye batir ƙarƙaf kowane dare. Ranar garin nan ba ta isa ta cika shi ba, balle da hunturu. Nata na asali ko wata biyu bai yi ba ya mutu. Kawu Rokuro ne yake cika waɗannan a gidansa, in ka kwanta barcin rana ya zo ya sauya mata."

"Wa ya faɗa miki wannan ƙaryar?"

"Shi. Duk sati sai ya kira ni ya ce fitila tana ci, ubanki yana nan da bakinsa, kada ki damu. Ranar da ka sauka gari ya faɗi a bakin hanyar ruwa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mai kawo wasiƙa ne ya gan shi ya kira motar asibiti. Ya yi kwanaki ba a gane maganarsa, kalmar farko da masu jinya suka tsinta a bakinsa ita ce batir. Sun ɗauka na agogonsa yake nufi. Da ya samu ya haɗa magana sai ya sa aka kira ni, ya ce in zo maza in ɗauki gwangwani a kan kanta." Ta rufe gwangwanin. "Ya ce kada in gaya maka yana asibiti, wai daɗi za ka ji."

Genzo ya juya. Ya fita duba kifi, ya daɗe ƙwarai, duk da cewa ba lokacin abincinsu ba ne. Da ya dawo idanunsa sun yi ja, ya ce hayaƙin jiya ne bai gama fita daga kicin ba. Ya kuma ce magana ba ta ƙare ba, domin har yanzu ba a san manufar mutumin ba, kuma a ba shi waya ya yi masa tambayoyi da kansa.

Muryar da ta fito daga wayar ta yi nauyi, harshen yana jan ƙafa, amma ta Rokuro ce.

"Ka kashe ta, ko?"

"Kai ka kashe ta. Ka saba mata da ci, sannan ka gudu."

"Da me ka haɗa ta?"

"Batirin injin huɗa."

Aka ji wani sauti da ya fara kamar dariya ya ƙare da tari. "Biri ma ba zai yi haka ba."

"Bar wannan. Tambayarka nake, a matsayina na shugaba. Hunturu uku kana zagina a kan fitilar nan, kana kuma ciyar da ita a ɓoye. Me kake nufi da ni?"

Genzo ya ƙara danna wayar a kunnensa.

"In yarinyar nan ta ɗauke ka, wa zan kai wa ƙorafi?" Rokuro ya yi numfashi. "Ka duba mini ruwan gona, kada ka cika shi kamar yadda kake cika naka. Kusurwar fa?"

"Tana nan," in ji Genzo, ya miƙa wa Kazuha wayar.

Amma bai tabbata ba, don haka ya sauka ya duba. Abin da ya gani ya fi mutuwar fitilar girgiza shi. 'Yan kwanakin nan na duhu sun ishe ta. Kusurwar da ta shekara uku tana ganye zalla ta fara kumbura, ta ɗauki alamar ciki, tana shirin fid da kai kamar sauran gonar. Kazuha ta riga ta faɗa masa abin da likita ya ce, cewa ba a sani ba ko Rokuro zai sake iya hawa tudun nan, kuma wani ɗan ƙanensa ya fara maganar gidan kula da tsofaffi a gari. Genzo ya tsaya a bakin gonar yana tunani. Mutumin da shinkafarsa ta nuna kaf, ba shi da sauran abin masifa a gida, me zai sa ya wahalar da kansa ya koyi tafiya?

Ya hau matakalar da saurin da bai yi ba tun kafin ya karya hannu, ya tuge 'yan uwan marigayiya biyu, ya dire su a kan tebur, ya ce a yi musu tiyata yanzu-yanzu. Kazuha ce ta riƙe ƙarfen dalma. Ta gama aikin ba ta ƙona yatsa ko sau ɗaya ba.

"Zuwa girbi, Baba," ta ce da ta gama. "Kuma kai za ka riƙa sauya batir da hannunka. Zan kira in tambaya, in ka yi mini ƙarya zan sani."

"Ke ma kin san ba a barin gari ana cikin bincike," in ji shi.

Ta kalle shi, ta kalli jakar da ta zo da ita don kayansa, ta tura ta ƙarƙashin matakalar bene yadda ta zo, babu komai a ciki.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. Gawar tana nan a kan teburin kicin, an raba ta gida huɗu bisa doka, kowane kashi a jakarsa. Malamin haikalin da ke gangare ya yarda zai hawo ya yi mata karatun sallama irin wanda ake yi wa tsofaffin allurai da almakashi, amma ba a sa rana ba, kuma ba za a sa ba sai wanda ake zargi ya dawo da ƙafarsa, ko da sanda, ko a bayan wani, ya tsaya a gaban gawar ya amsa tambayoyi. Batiri mai ɗigon fenti ba za a jefar da shi ba, shaida ce, an ajiye shi kusa da hoton matar gidan inda ake kunna turare. Kyanwar wanda ake zargi tana tsare a hannun shugaba, ana ba ta busasshen kifi safe da yamma har sai ta yi magana.

An kafa ɗaya daga cikin 'yan uwan marigayiya a ƙofar gidan Rokuro, za ta riƙa ci har asuba, don kada ya lallaɓo ya shige ba a gan shi ba. Ɗayar ta gaji ramin 'yar uwarta a kwanar matakala, an kuma ɗan karkatar da fuskarta wajen gona fiye da da.

Ana karɓar gaisuwar ta'aziyya kullum da hantsi. Ba a buƙatar furanni. Masu zuwa su hau ta gefen hagu, su yi hankali da dutsen kwana, kuma don girman zumunci kada wanda ya ji tausayin kusurwar shinkafar nan ya rufe mata fitila da hula ko bokiti. Bana ma kore za ta tsaya. Mai gonar yana da ƙorafi a kanta, kuma shugaba ya ce ba zai karɓa ta waya ba.